Gurbin Dariya

Auta ta fara ganinsa ne a wani ƙaramin shago da ake juya tsofaffin kaset na bidiyo zuwa filashi. Ta shigo da kwali ɗauke da kaset huɗu na mahaifinta. Mai shagon ya fita, sai wani saurayi ta tarar a kujerarsa yana riƙe masa wuri. Ya ɗauki kaset ɗaya, ya hure ƙurar, ya karanta abin da aka rubuta da biro a jiki: Kwano da Murfi.

Babu wanda ya tashi a garin bai san su ba. Kwano mai ƙiba, Murfi siriri, abokai biyu da duk inda aka ɗauke su aiki sai sun bar wurin a rushe. Kashi huɗu aka yi na fim ɗin, 'yan wasan biyu suka rasu, aka shekara ashirin ba a ƙara ba. Yanzu wani kamfani ya ce zai yi na biyar da sababbin yara.

Saurayin ya ce ya fi son kashi na uku, inda aka ba su fentin gida suka je suka fente na maƙwabci. Auta ta ce wannan a na biyu yake. Ya yi musu. Ta ce ita a ɗakin gwajin jini take aiki, ba ta faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Ya karɓi lambarta, wai don in aiki ya kammala.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo tana cin abincin rana.

"Kaset ɗinki sun warke, na huɗun ne ya ɗan ji jiki. Kuma gaskiyarki, fentin a na biyu yake. Ciwon abin bai sake ni ba tukuna."

Ta rubuta: "Allah ya ƙara sauƙi. Gobe zan zo dubiya."

Haka aka fara. Ya ce mata aikinsa yanka hoto da haɗawa, ta ɗauka bidiyon bukukuwa yake yi, ta raɗa masa Almakashi. Shi kuma yana ce mata Alƙaliya, saboda wani zauren hira da take shugabanta a waya, na masoyan Kwano da Murfi, mutum ɗari uku da ɗoriya. Tunda aka sanar da kashi na biyar zauren bai huta ba. Wasu na cewa tonon kabari ne. Wasu na cewa 'ya'yansu ma suna da hakkin samun nasu Kwanon. Akwai wani direba da ya rantse ko na huɗun ma kuskure ne, da wata malamar makaranta da ta ce za ta kalla don ta san inda za ta fara zagi. Auta tana ɓangaren masu cewa a bar matattu su huta, kuma ta fi kowa iya faɗa. Takan karanta wa Almakashi abin da ta rubuta, ya yi dariya, ya canja zance.

Wata huɗu suna tare tallan fim ɗin ya fito. A ƙarshensa, cikin ƙananan haruffa, ta ga sunansa a matsayin wanda ya haɗa.

Ta rubuta masa: "Ashe mushe nake zagi a gaban mahauci."

Ya amsa: "Tsoro na ji, Alƙaliya. Ranar farko na so in faɗa, sai kika ce duk mai hannu a fim ɗin nan ya nemi gafara. Ina ƙofar asibitinku. Ki fito ki yanke min hukunci a tsaye."

Ta bar shi a rana minti ashirin, sannan ta fito. Fushin bai kai mako ba. Ta san ba ita ce matsalar ba. Baba ne.

Baba ya yi shekara ashirin da shida yana haska fim a tsohuwar silimar garin, wadda yanzu ta zama ɗakin ajiyar tayil. Kashi na ɗaya kaɗai ya haska shi fiye da sau ɗari uku, ta ƙaramar tagar ɗakin inji. Mutum ne mai magana a hankali. Yakan faɗi rabin zance, ya tsaya kamar ya manta, sannan ya kawo sauran. Auta ce 'yarsa ta ƙarshe, kuma ta daɗe da yanke wa kanta cewa ba za ta shiga gidan mutumin da Baba ya karɓa da rabin zuciya ba.

Ranar Asabar da yamma Almakashi ya zo gaisuwa. Ya zauna a ƙasa, ya gaida Baba da Umma yadda ya kamata. Da aka zo kan sana'a, bai ɓoye ba. Ya ma buɗe kwamfutarsa ya nuna minti goma na fim ɗin. Umma ta murmusa sau biyu. Baba bai motsa ba. Da ya fara magana kan yadda ake yi a da, ya ce marigayi Murfi idan ya faɗi abu... sai ya tsaya. Almakashi ya ce yakan kalli kamara. Baba ya ce inji a lokacin... Almakashi ya ce ai yana zafi sosai. Haka aka yi ta yi har shayi ya huce. Saurayin ya tafi yana ganin ya burge.

Baba ya kira Auta bayan ya raka shi ƙofa.

"Ba zan ba shi ba."

"Saboda fim, Baba?"

"Fim nasu ne, su ƙarata." Ya tsaya. Ta jira. "Sau biyar na buɗe baki, sau biyar ya ƙarasa min, kuma ba ko ɗaya da ya ƙarasa daidai. Abin da ya nuna ma haka yake. A faɗi abin dariya, kafin ki buɗe baki an faɗi wani. Bai bar wa kowa gurbi ba. Mutumin da ba ya bari a gama, haka zai yi miki shekara arba'in."

Abin da ya fi ci mata rai, gaskiya Baba ya faɗa. Ta tuna sau nawa ta fara ba shi labarin aiki ya ƙarasa mata da nasa ƙarshen, ita kuma ta bar shi saboda yana da ban dariya.

Cikin satin nan wani likitan haƙori, ɗan abokin Baba, ya fara zarya gidan. Duk abin da Baba ya faɗa sai ya ce haka ne. Umma ta ce wa Auta a kicin, wanda ya yarda da duk abin da babanta ya faɗa, ko dai kurma ne ko maƙaryaci, ita shekara talatin da biyar tana aure da shi ba ta yarda da rabi ba.

Auta ta samu Almakashi a ɗakin aikinsa, ɗaki mara taga mai allo biyu da kofuna a ko'ina. Ta faɗa masa abin da Baba ya ce, ba ta rage ba. Ya ji zafi. Ya ce mutanen yanzu a waya suke kallo, in aka yi shiru na daƙiƙa biyu sun wuce. Ya ce shugaban kamfani da kansa ya ce a matse.

"Ni ba maganar fim na zo..."

"Na sani, maganar Baba ce, amma ai..."

Ta zuba masa ido. Sai a lokacin ya ji kansa. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kwana goma ba ta ji daga gare shi ba. Ta yi aikinta, ta ci abinci, ta sallami likitan haƙori cikin ladabi. A rana ta goma sha ɗaya saƙo ya zo.

"Na kalli kashi huɗun nan da agogo a hannu. Babanki yana da gaskiya, akwai shiru bayan kowane abin dariya. Na gyara nawa. Ki roƙa min izini in sake zuwa. Ina kewarki, amma wannan ba hujja ba ce, na sani."

Baba ya ce ya zo. Ya sake buɗe kwamfutar a falo. Bayan kowace magana ta ban dariya ya saka shirun daƙiƙa uku cif. Sababbin Kwano da Murfi suna tsaye suna kallon juna kamar masu jiran mota. Umma ta tashi ta ce tana da abu a wuta. Auta ta so ƙasa ta tsage.

"Ƙirgawa ka yi," in ji Baba.

"Ƙirgawa na yi, Baba."

"Ya fi na farkon muni."

Almakashi ya rufe kwamfutar. Baba ya dube shi, kamar yana jiran ya kare kansa. Da bai yi ba, sai Baba ya gyara zama ya ba da labarin da ko Auta ba ta taɓa ji ba. Wanda ya haɗa tsofaffin finafinan, in ji shi, ba ya rufe aiki a ɗaki. Yakan kawo fim ɗin da ɗanyensa silima, a tara mutane kyauta, shi kuma ya hau ɗakin inji ya zauna kusa da Baba da littafi. Ba allo yake kallo ba, ƙeyar mutane yake kallo. Wata dariyar tana tashi nan take ta mutu. Wata sai ta fara daga kujerun baya ta gangaro. Wata sai an yi shiru wani ya sake fashewa ya tayar da kowa. Kowacce da tsawonta, kuma mutane ne ke faɗa, ba agogo ba.

Labarin ya ɗauki rabin awa, da tsayawa da komai. Sai da ya tabbata an kai ƙarshe Almakashi ya yi magana.

"Baba, in na tara mutane, za ku zauna kusa da ni?"

Baba ya ce idonsa ya yi rauni. Umma ta leƙo daga kicin ta ce ai kunne aka tambaya.

Tara mutanen ya faɗo kan Auta. Ta rubuta a zaure cewa duk mai son ya zagi kashi na biyar da hujja, ya zo ɗakin taron makarantar unguwa ranar Asabar ƙarfe uku. Mutum saba'in suka zo, yawancinsu da fuska a ɗaure. Shugaban kamfani ya yarda da ƙyar, ya ce in abin ya fita waje kan Almakashi zai faɗa.

Auta ta zauna a tsakiya, amma rabin hankalinta yana baya. Can ta hango su a benci ɗaya, Baba da hannunsa a kan gwiwar saurayin. In dariya ta tashi sai ya danna, in ta mutu ya saki, Almakashi ya rubuta. Wurare da yawa ba wanda ya yi dariya, Baba ya ja layi da yatsa a iska, ma'ana a cire. Da sabon Murfi ya maƙale a cikin injin wanki, direban nan da ya tsani har na huɗu ya yi dariya har da tari, sannan ya waiga ko an gan shi.

Bayan an kunna fitila aka yi ta musu a tsakar makarantar. Malamar makaranta ta ce sabon Kwano ba shi da kunya a ido, tsohon kuwa kunyarsa ce abin dariyar. Wani ya ce 'yarsa ta yi dariya, shi wannan ya ishe shi. Direba ya ce tari ne ya kama shi.

Almakashi ya mai da su gida a motarsa. Baba ya zauna gaba yana bayanin yadda ake canja fitilar inji tana da zafi, tun daga ƙofar makaranta har ƙofar gida. Auta tana baya tana kallon wuyan saurayin. Sau biyu ta ga ya ja numfashi zai yi magana, ya haɗiye. Da motar ta tsaya Baba ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a waje.

"Fim ɗinku dai ba zai kai na da ba."

"Haka ne, Baba."

"Kada ka ce min haka ne, akwai mai ce min haka ne." Ya fita, ya sunkuyo ta taga. "Ka ce wa manyanka ina gida ranar Lahadi."

Auta ba ta yi kuka ba. Ta shiga gida, ta wanke hannu, ta tarar da saƙo.

"Alƙaliya, na ji daidai?"

"Ka ji daidai, Almakashina. Ka tuƙa a hankali, yanzu kai kayan mutane ne."

Fim ɗin ya fito wata ɗaya kafin bikin. Zauren ya rabu biyu kamar yadda ya saba. Auta ta rubuta ra'ayinta, ta ba shi biyu da rabi cikin biyar, ta ce rabin na wanda ya haɗa ne. Mutum goma sha biyu suka fice daga zauren suna cewa an saye ta.

Aka ɗaura aure wata safiya, aka yi walima a farfajiyar gidan. Baba ya riƙe hannayensu biyu ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su riƙa jin juna. Umma ta ce amin, ta ƙara da Allah ya ba 'yarta haƙurin da ita ta yi. Kowa ya shafa.

Ana cikin cin abinci direba ya matso da wayarsa, fuska a murtuke, ya ce kamfani ya sanar da kashi na shida. Ango ya sunkuyar da kai ya amsa cewa an riga an kira shi. Amarya ta ajiye cokali. Baba ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta, mutanen nan ba su san inda ake tsayawa ba.

Ya kurɓi ruwa, ya juya wajen surukinsa.

"Yaushe muke fara aiki?"