Sawun da Ba Ya Kwana

La'asar sakaliya Ahamuk ya turo babur ɗinsa mai ƙafa huɗu rumfar Bekkai a bakin garin Janet da ke cikin Sahara, yana huci. Bekkai taubashinsa ne, kuma shi ke sayar da taya ga duk masu hawa da baƙi kan tudun yashi. Gobe sunan ɗan Ahamuk na fari. Matarsa Tekna tana jego a tantin uwarta, can bayan tuddai, shi kuwa ga sukari da ganyen shayi da dabino ɗaure a bayan babur, bai kai ba.

"Angon ƙarni, ba ka tafi ba?" in ji Bekkai. "Ko surukar ce kake tsoro?"

"Kai dai sa min masu ludayin nan a baya. Ta kan yashi zan yanke."

Tayoyin da yake nufi sumul suke, sai wasu haƙarƙarin roba da suka gitta su kamar bakin ludayi, masu kwasar yashi su watsa baya. Ahamuk ya nuna waɗanda suka fi yawan ludayi. Bekkai ya yi dariya, ya ce injinsa tsohon jaki ne, waɗannan za su shaƙe shi. Ya jawo biyu masu ludayi takwas-takwas, ya duba kibiyar da ke gefe don kada ya ɗaura su a juye, ya ɗaure. Sai da ya gama ya ɗaga kai ya dubi rana, dariyar ta ɗauke.

"Mayar da tsofaffin tayoyinka ka bi ta dutse, ko ka bari sai da safe. Iyayenmu ko ramin gasa gurasa ba sa tonawa da almuru. Waɗannan kuwa tona suke, duk juyi ɗaya."

"Yaushe ka zama tsohuwa?"

"Na dai faɗa maka. Kuma kar ka hau dutse da su, yage su zai yi."

Ahamuk mutum ne mai gaggawa, ko shayi ba ya jira ya huce. Ya gyara rawani ya ba babur wuta, ko bisimilla bai yi ba.

Kai, tayoyin sun yi daɗi. Tudun da a da sai ya sauka ya tura, yau hawansa yake kamar an ja shi da igiya, yashi na tashi bayansa sama da tsayin mutum. A kan wani dogon tudu ya ji bayan babur na ɗan nutsewa, ya tsaya ya kashe inji don ya rage iska. Rana ta riga ta faɗi, sai jan da ta bari. Can ƙasa, nesa, ya hango wutar tantin surukarsa, 'yar ƙarama.

Ya danna hancin tayar. Iska ta yi tsiii. Ya saki.

Ƙarar ba ta tsaya ba.

Ya sa kunne a tayar. Ba daga nan take ba. Sai wari ya bugi hancinsa, warin danshi, irin na tsohuwar rijiya da aka buɗe. Danshi a nan, inda aka shekara ba a ga ɗigon ruwa ba.

Ya waiwaya. Sawunsa ya miƙe layi biyu har inda ido ya ƙare, rami bayan rami inda kowane ludayi ya kwasa. Can ƙarshen, ramukan suna cikewa. Ba iska. Gefen rawaninsa ko motsi ba ya yi. Ana dai tura yashi cikin rami, a daddaɓe, a matso na gaba.

Ɗab. Ɗab. Kamar tafin hannu a kan ƙullu.

Tun yana yaro yake jin labarin mutanen kaɗaici, masu zama ƙarƙashin yashi, bai taɓa ɗauka da gaske ba. Ya murɗa makulli, inji ya kama, ya gangara ya nufi wutar. Yana tsakiyar gangara abin ya faɗo masa a rai: sawun nan ake bi, shi kuma yana shimfiɗa shi har ƙofar tantin da jaririnsa yake, jaririn da ko suna ba shi da shi.

Ya karya kan babur hagu, wajen baƙin dutsen da ke gabas. Ya ɗan yi tafiya ya waiwaya.

Abin ya iso inda ya karya. Nan abin ya tsaya. Sai yashi ya fara lotsawa a wurin da babu sawu, shaidar tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, sun miƙe sak wajen wutar.

Ahamuk ya juyo. Ya matse birkin gaba, ya danna totur har ƙarshe. Ludayoyin suka shiga tona wuri ɗaya, yashi na zuba, warin danshin na ƙaruwa har ya ji amai.

"Ni na tona," ya ce. "Ni ne. Ba ruwansu."

Hannayen suka tsaya.

Suka juyo.

Da ƙyar babur ɗin ya fita daga ramin da ya haƙa wa kansa. Ya miƙi dutse. Fitila na rawa a kan yashi. Ɗab, ɗab, ɗab, yanzu da sauri, a bayan kunnensa.

Bayan babur ya nutse, kamar an hau.

Sanyi ya manne masa a gadon baya. Inji ya fara tari.

"Ka yaye mana rufi," aka ce a hankali, daidai wuyansa. Muryar kamar ana zuba yashi a ƙwarya.

Bai juya ba.

"Wa za a sa wa yaron?"

Sunan na bakinsa, shi da Tekna suka zaɓa. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Ayatul Kursiyyu ta kakare masa, sai farkonta yake ta maimaitawa.

"Faɗa mana. Mu ma mu kira shi."

Ga dutse. Bai rage gudu ba. Tayoyin gaba suka daki gefen, babur ya yi sama ya dira. Ludayoyin suka shiga yagewa, fat, fat, robar na dukan ƙafarsa. Nauyin ya sauka daga bayansa lokaci ɗaya, har babur ya kusa kifewa.

Ya kashe inji. Shiru. A bakin yashi, daidai inda dutse ya fara, aka daddaɓe rami na ƙarshe.

Da ƙafa ya ƙarasa, kaya a kai, yana bin dutse duk inda ya lanƙwasa, har ya ɓullo ta bayan zango inda ƙasa tsakuwa ce. Surukarsa ta dube shi sau ɗaya. Ta ɗauko wuƙa ta ƙara a kan wadda ke ƙarƙashin matashin jaririn. Da safe aka yanka rago, aka raɗa suna, yaro lafiya lau.

Bekkai ya je ɗauko babur. Ya dawo bai yi tsiyar tayoyinsa da aka lalata ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce daga gari har dutse babu sawun taya ko ɗaya, an shafe tas.

Shi ne kuma ya fara lura, ranar da suke tafe a kan yashin bakin gari. Sawun Bekkai na nan a baya. Na Ahamuk kuwa, yana ɗaga ƙafa ake cike gurbin, a daddaɓe.

Ahamuk ya sayar da babur, ya kama gida a unguwar da ke kan dutse. In ya taka yashi bisa larura, ba ya nufar gida sai ya zaga ta tsakuwa. Yaron ya girma, ya iya gudu. Ranar Juma'a da yamma Tekna kan kai shi tuddai, ya hau ya mirgino yana ƙyaƙyata, ya tsaya ya ɗago hannu.

"Baba, zo mana."

Ahamuk na tsaye a bakin dutse, yatsun ƙafarsa dab da yashi.

"Yi wasanka," yakan ce. "Ina ganinka daga nan."