Kar-ka-tsaya

A zamanin Kumandan, baturen mulkin mallaka, ne, ranar kasuwar Dogon Dutsi. Zalihatu na dawowa daga rijiya ta ga abin mamaki: wani saurayi da keken ɗinki a ka, tsaye cak gindin tsamiyar aljana Doguwa, kusurwar da kowa ke wucewa da sauri.

"'Yan mata, mi ne sunan wurin ga?"

"Kar-ka-tsaya."

Bawan Allah ya zaci korarsa ake, ya juya a sanyaye. Dariya ta kusa kifar mata da tulu.

"Kai baƙo! Sunan wurin ke nan!"

Ya waiwayo yana murmushi, ita ma ta mayar masa. Sha'ibu ne, maɗinki daga Dumega. Kafin wata ya mutu soyayya ta kama su ba sauƙi.

"Mai-tuluna, in ban gan ki ba allura sai ta yi ta sukata."

"Ka ji ka da daɗin baki, Baƙona!"

Amma mahaifinta Gado, mai kula da tsamiyar, ya ce atafau ba zai ba shi aurenta ba.

"Baƙo raɓa ne. Ɗiyata guda, shi kwashe ta zuwa Dumega in mutu ni kaɗai? Ban yarda ba!"

Zalihatu ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Rabo maƙwabcinsu, wanda ya daɗe yana sonta, ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya rugo da gulma.

"Baba, baƙon ga ko kunya babu. Da idona na gan shi tsaye gindin Doguwa!"

Gado ya miƙe zumbur, ya sa aka kira Sha'ibu. Zalihatu na bayan zana, ta kasa kunne.

"Gaskiya ka tsaya?"

"Na tsaya, Baba. Ban sani ba."

Sai tsoho ya bushe da dariya.

"Yaro, fatake suka raɗa sunan nan! Wanda duk ya tsaya, Doguwa ta riƙe ƙafarsa, ba shi barin garin ga har abada. Ka zama namu. Na ba ka!"

Guɗa ta tashi, Rabo ya sulale ko sallama babu. Bayan girbin gero Liman Abdu ya ɗaura aure, Gado na ta sa albarka, Allah shi ba da zaman lafiya da zuri'a.

Da aka biyo da amarya ta kusurwar, ta hango ango cikin abokansa, ta ɗaga mayafi kaɗan.

"Baƙona, kar ka tsaya!"

"Mai-tuluna, ai na riga na tsaya."