Muryar da Aka Yanke

Waya ce ta kai Auta asibiti. Tana saukowa daga bene tana yi wa Tauraruwa rubutu, ƙafa ta goce, idon sawu ya tsage. Matashin likitan da ya ɗaura mata filasta ya dubi wayar da har lokacin take hannunta.

"Ki faɗa wa wanda kike wa rubutu ya zo ya riƙe miki sandunan nan."

Tauraruwa ba ta zo ba. Shekara uku suna ƙawance a intanet, ko fuskarta Auta ba ta taɓa gani ba, amma babu sirrin da ba ta zuba mata ba. Hoton zuciya ta turo guda goma. Likita kuwa kafin a cire filasta ya san hanyar gidansu, ya san kujerar da Baba ba ya so a zauna masa.

"Autata, yau taku nawa kika yi? Ki rage min biyu, ni zan raka ki," haka yake rubuto mata.

Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, tana dawowa ta yi wa Tauraruwa saƙon murya, har da hotonsa, don a taya ta murna. Kwana biyu sai ga saƙon Likita: "Umma ta ce a dakata da maganar. Saurari abin da aka turo wa ƙanwata."

Muryar Auta ce: "Tsohuwar nan akwai tsare gida, kallo ɗaya ta yi min na ji kamar na koma firamare." Nan aka yanke. Tauraruwa ce ta yanke, don ita kaɗai Auta ta tura wa, kuma har ta lalubo Likita tana ba shi haƙuri, wai ita tana nan idan yana son mai sauraronsa.

Auta ba ta yi kuka ba, zuciyarta tafasa ta yi. Asirin Tauraruwa na shekara uku yana cikin wayarta, ta tattara shi tsaf za ta watsa wa duniya. Sai ta tuna wannan ba zai buɗe mata ƙofar Umma ba. Ta ɗauki mayafi, tana ɗingishi, ta je ta durƙusa gaban matar.

"Umma, ni na faɗa, ba zan musa ba. Amma ki ji ƙarshensa."

Ta kunna: "...amma wallahi irin uwar da nake roƙo ce tun da na rasa tawa."

Umma ta dubi kumburarriyar ƙafar.

"Da wannan kika hawo min bene? Tashi ki zauna, 'yar nan. Ita waccan ko sallamarta ban taɓa ji ba."

Auta ba ta yafe wa Tauraruwa ba, kuma ba ta nuna mata ta gano ba. Wata biyu Tauraruwa na turo mata "Ƙawata, ya jiki?" tana amsawa da hoton zuciya ɗaya.

Ranar ɗaurin aure Umma ta dafa kansu ta ce Allah ya yi albarka, ya raba su da mugun baki. Aka ɗauki hoto. Auta ta tura wa Tauraruwa shi, ta tsaya har ta ga an buɗe, har ta ga an fara rubuta amsa. Sannan ta toshe lambar, ta miƙa wa mijinta wayar, ta kama hannunsa suka sauka benen.