Yatsun Asiya

A tashar motar Argungu Maliki ya fara ganin Asiya, tana fama da kwandon busasshen kifi, yatsunta sun ƙi riƙe shi. Ya ɗora mata shi saman mota. Mutumin da albasa kawai ya kawo kasuwa, sai ga shi cikin motar har Birnin Kebbi, wai yana da saƙo. Ƙarya yake yi, bai san kowa a garin ba.

Da zance ya yi nisa, ita da kanta ta janye mayafi ta nuna masa. Yatsu biyu sun kumbura kamar rogo, gwiwar hannu kuma fata ta yi farin ɓawo.

"Duba da kyau, Maliki. Ban son ka ji a bakin wani."

"Na gani, Asiyata. Yana miki zafi?"

"Da safe ya fi."

Sai ga hawaye a idon Asiya. Duk wanda ya ga yatsun, ko ana ɗauka yake tambaya, Maliki kaɗai ya damu da zafin.

Kamar yadda aka saba, aka tura Gwaggo Baiwa, ƙanwar babansa, binciken asali. Ta dawo ta ce kuturta ce, ƙafarta ba ta sake taka gidan su Asiya. Kafin a ce me magana ta gama unguwa. Maliki ya rame, gonar albasa ma ya bar ta ga ciyawa.

Asiya ta ce masa, "Roƙe ta ta raka mu asibiti. In kuturtar ce, ni zan ce ka haƙura."

Da ƙyar Gwaggo ta yarda. Likita ya sa Asiya ta rufe ido, ya riƙa shafar tabon da auduga. Duk inda ya taɓa sai ta nuna.

"Da kuturta ce, Hajiya, da wurin ya mutu, ba za ta ji ba," in ji likita. "Jikin kowa akwai ƙwayoyin da ke kare shi daga cuta. Nata ne suka rikice suka juyo kan fatarta da gaɓoɓinta, shi ne kumburin. Ba a ɗauka. Ba ya tafiya gaba ɗaya, amma magani na kwantar da shi."

"'Ya'ya hwa?" in ji Gwaggo.

"Wani kan gada, da yawa ba sa gada."

Suka koma Argungu. Washegari Gwaggo ce ta fara zuwa wurin yayanta, baban Maliki, ta ce a kai goro.

Bayan girbin shinkafa aka sa biki. Ranar lalle, mai ƙunshi ta tsaya tana jan jiki, tana kallon yatsun. Gwaggo Baiwa ta karɓe ƙwaryar, ta zauna gaban mata, ta ɗora hannun Asiya a cinyarta.

"Ni na ɓata miki suna a garin ga, ɗiyata, ni zan gyara. Allah shi ba ku zaman lafiya. Miƙo ɗayan."