Mai Shayar da Sanduna

A bakin rijiyar Urafane Lauratu ta fara ganinsa, shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki. Kowa na ɗibar ruwan tukunya, shi kuwa Gajere, da bai daɗe da dawowa daga ƙasar Kwaddibuwa ba, guga ɗaya yake roƙo don sandunansa.

"Sanduna ke shan ruwa?" in ji ta.

"Rassan bishiyar koko ne, ƙanwata. A tsoma gindinsu cikin wannan farar hoda, a soka a yashi mai laima, a rufe da leda, sai saiwa ta fito."

Ta yi dariya har igiya ta suɓuce mata. Ta ba shi ruwa, ya ba ta lambar portabul, wayarsa ta hannu.

Da zancen soyayyarsu ya kai ga mahaifinta, Malam Mamudu, sai ya tafa hannu.

"Mu dama koko muka san ana yi, da gero. Mai shuka shi cikin fari ba ni da ɗiyar ba shi. Ga Tanko mai moto yana jira."

Ana cikin haka, saƙon da Gajere ya rubuta wa abokinsa ya faɗo wayarta bisa kuskure: "Na shafa mata hoda, na lulluɓe ta, na yi mata inuwa. In ta mutu na shiga uku."

Ta mayar: "Allah ba ta lafiya. Sai ka aure ta."

Da hantsi sai ga shi ƙofar gida, rungume da gwangwani.

"Fitilata, ga wadda kike fushi da ita."

Sanda ce mai ganye biyu, duk sun yanƙwane. Lauratu ta rufe fuska da gyale, tana ƙunshe dariya.

Kokon dai bai yi ba, rana ta ƙone shi ƙurmus. Amma a tsakar gidan akwai bishiyar lemun tsami da marigayiya uwar Lauratu ta dasa, tana bushewa. Tanko ya ce a sare ta a huta. Gajere ya roƙi 'yan rassa, ya ƙarar musu da sauran hodarsa, ya soka su a yashi.

Ranar da tsohon ya tone yashin ya ga fararen saiwoyi, sai ya ɗago ya dubi Gajere.

"Yaro, hankalinka dai da saura," ya ce. "Amma turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Mamudu ya dafa kansu, ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ke kuma, Lauratu, ki riƙa ɓoye masa tulu, kada sanduna su shanye ruwan."