Irin Baba da Irin Baƙo

A can wani zamani, an yi wani manomi da ya gaji irin gero daga mahaifinsa. Yana son irin nan kamar ransa. Kullum sai ya ce, "Irin Baba ba shi da na biyu."

Wata shekara wani baƙo ya ba shi wani iri ya gwada. Manomi ya shuka irin Baba a gonar bayan gida mai taki, ya watsa na baƙo a kan tudu mai tsakuwa. Da kaka ta yi, irin Baba ya cika rumbu, na baƙo ko dami bai yi ba.

Ya ce wa ƙanwarsa, "Kin gani? Irin Baba ba shi da na biyu."

Ta ce, "Haba Yaya, ka ɗaure wa ɗaya ƙafa, sannan ka ce su yi tsere?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Da damina ta dawo, sai ya shuka su a gona ɗaya, kunya kusa da kunya, taki ɗaya, noma ɗaya. Ruwa ya ɗauke da wuri. Irin Baba ya bushe a tsaye, na baƙo ya fid da kai.

Manomi ya daɗe tsaye a gona, idonsa cike da ƙwalla. Sannan ya raba wa maƙwabta irin baƙo, ya adana ɗan na Baba a ƙwarya.

Ƙanwarsa ta ce, "Na mene ne kuma?"

Ya ce, "Bana fari aka yi. Baɗi ma su sake tsere, ba wanda zan ɗaure wa ƙafa."