Ƙunshin Irin Kaka Tabawa

A wani ƙauye can da, ruwan shuka ya sauka, amma yatsun Kaka Tabawa sun sandare, ta kasa kwance ƙunshin irinta. Ƙulli ne cikin ƙulli, kowane iri da nasa ƙullin, ga gero da maiwa kamarsu ɗaya. In suka gauraye, noman bana ya lalace.

Jikarta Lantana ta gwada kwancewa har ta gaji, ta ɗauko wuƙa.

"Ajiye wuƙar nan, ja'ira. In kin ga ƙulli, kwance. In kin ga iri, jera bi da bi. Da jerin nake gane su."

Lantana ta ga ƙulli, ta kwance. Ta ga iri, ta jera. Yatsunta suka yi zafi, ba ta yanke ko ɗaya ba.

Da ta gama, tsohuwa ta kama yatsun tana hura musu iska.

"Baɗi ke za ki ɗaure," in ji ta.